Ambulan ɗin da Na Hana a Buɗe

Mustaganim,
6 ga Oktoba.

Zuwa ga Babana, Si Lahdar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kana lafiya, kai da Mama da duk mutanen Tilimsan. Yaya ƙafar? Ƙanena Rabah ya ce ka daina shan maganin, wai yana sa ka barci. To yi barcin mana, Baba, wa ke jiran ka a masana'anta yanzu? Mu nan lafiya lau. Jilali yana gaishe da surukinsa, jikarka Sirin kuma ta ce in shaida maka haƙorinta na gaba ya fita.

Na san za ka ce me ya hana ni buga waya. Na buga ranar Juma'a, na yi ta ihu har maƙwabciya ta leƙo, kai kuwa sai "eh, eh, madalla" kake yi, alhali ina gaya maka ina cikin rigima a wurin aiki. Shekara talatin na ƙarar injinan masana'antar Arziyu sun cinye maka kunne. Saboda haka ga takarda, ka karanta a tsanake.

Ka san tauraron ɗan'adam ɗinmu da aka harba shekara uku da suka wuce, ka kuma san gwangwanin da ke cikinsa, wanda na haɗa da hannuna. Ƙarfe biyu ne a ciki, ɗaya mai nauyi ɗaya sakayau, ba su taɓa komai ba, suna ta zagaya duniya. Abin da muke nema shi ne ko jan duniya yana jan su daidai wa daida, ko yana nuna bambanci. Ban manta da dariyar da ka yi ba, da ka ce mutane da digirinsu sun kashe shekara goma don su ga ƙarfe ya faɗi.

A irin aikinmu akwai wata ɗabi'a. Mutum idan ya san amsar da yake so, hannunsa kan karkata lissafi zuwa can ba tare da ya sani ba. Don haka tun kafin a harba, aka sa kwamfuta ta cusa wata lamba a cikin duk awon da ke zuwa mana daga sama, ba wanda ya san ta. Aka buga lambar a takarda, aka rufe a ambulan, mu shida shugabannin sassa muka sa hannu a bayanta. Ba a buɗewa sai mu shidan mun sake sa hannu cewa mun gama tace duk wani abin da zai iya gurɓata awon. Da zarar an buɗe kuwa, shi ke nan, ba gyara, abin da ya fito shi za a gaya wa duniya.

Ranar Lahadi Farfesa Bu'alam, shugaban cibiyarmu, ya tara mu ya miƙo takardar amincewa a buɗe ambulan. Biyar suka sa hannu. Da ta zo gabana na tura masa abarsa.

Dalilina iska ce, Baba. Kai da ka ƙare rayuwarka kana bin bututu da ruwan sabulu ka fi kowa sanin ba gwangwanin da ake zuƙe iskarsa ƙarƙaf, dole a bar ragowa. Idan rana ta doki gefe ɗaya na tauraron, ragowar iskar da ke ɓangaren ɗumi sai ta fi ta ɓangaren sanyi ƙarfin dukan ƙarfen, ta ɗan tura shi. Turin bai kai nauyin ƙwayar gari ba, amma abin da muke nema ya fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Na ce a kunna hita a gefe ɗaya na kwana goma, mu ga yadda ƙarfen zai yi. Idan bai motsa ba in sa hannu har da ban haƙuri.

Farfesa ya sha mur. Akwai babban taro a Faransa ranar sha biyu ga Nuwamba, an riga an ba shi lokacin magana. Kwana goma na hita, mako biyu kafin gwangwanin ya huce, ga lissafi, taron ya wuce ke nan. Ya ce ai an gwada wannan a kan tagwayen gwangwanin da muka ajiye a ɗakin ƙasa, turin iskar bai kai a damu da shi ba. Sai ya cire tabarau ya ce, "Madam Wardiya, aikinki famfo ne. Kin zuƙe iska, mun gode. Bar mana lissafi."

Na ce to su buɗe ba da hannun mai famfo ba. Dokar mutum shida shi ya rubuta ta da kansa, har yana alfahari da ita a gaban baƙi. Wallahi Baba da ka ga fuskarsa.

Ba zan sa ba. Na rubuto ne don kada ka ji a bakin wani. Ka gaishe da Mama, ka ce mata zaitun ɗin ya iso, gishirinsa ya yi daidai. Ka sha maganinka.

'Yarka,
Wardiya.

Mustaganim,
15 ga Oktoba.

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi wa ƙafa sannu. Wasiƙarka ta zo, na karanta sau uku. Rabah ne ya rubuta amma faɗan naka ne, na ji muryarka a kowane layi. Ka ce in sa hannu, ka ce manya biyar ba za su haɗu a kan ɓata ba, ka ce in tuna ina da 'ya, kuma aikin gwamnati ba a wasa da shi. Ka ce taurin kan nan a wajen dangin Mama na samo shi. Haba Baba, kai ne fa ka taɓa rufe bututu sukutum injiniya yana tsaye a kanka yana zazzaga maka masifa.

Kwanakin nan an kai ruwa rana. Farfesa ya fara da lallashi, ya shigo ofishina da kwalin makarud, cincin ɗin nan mai dabino, ya tambayi lafiyar Sirin, abin da bai taɓa yi ba. Na ci makarud ɗinsa guda biyu na yi godiya, ban sa hannu ba. Da ya ga haka ya ce zai sauke ni ya ɗora mataimakina. Sakatariyarsa ce ta tuna masa cewa doka ta ce wanda ya sa hannu a rufewa shi ne zai sa a buɗewa, sai dai in ya mutu. Na aika masa cewa ina jin ƙarfina sarai, alhamdu lillahi.

A ɗakin cin abinci an daina zama kusa da ni, ban da Milud, ɗaya daga cikin mu shidan, wanda ke aika wa tauraron umarni. Shi ba abin da ke hana shi cin burodinsa da karantika, wainar nan ta garin wake. Ya sa mini suna Hajiya Famfo, kullum sai ya tambaye ni ko yau na kamo iskar, in sam masa kaɗan ya hura tayar motarsa. Ina ramawa da cewa in dai iska ce ai tumbinsa ya ishi cibiyar baki ɗaya. Amma jiya ya ajiye burodin ya dube ni, ya ce shi ya san ni shekara goma sha ɗaya, ban taɓa kafewa haka a kan zato kawai ba, me na sani? Na ce ya ci abincinsa.

Baba, akwai abin da na sani. Ban gaya wa kowa ba, har Jilali. Kai zan fara gaya wa, don kai kaɗai za ka gane girmansa ba sai an yi maka bayani ba.

Idan aka ɗaura noti a rami marar mafita, iska takan maƙale a ƙarƙashinsa, ta riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Shi ya sa notocinmu duk a huje suke ta tsakiya, don famfo ya zuƙe abin da ke ƙasa. Ranar da za mu rufe gwangwanin, saura noti huɗu na ƙarshe, faranti ya suɓuce daga hannuna suka zube ƙasa. Abin da ya taɓa ƙasa a ɗakin tsabta, inda muke haɗa kayan, sai an sake wanke shi an gasa, aikin kwana biyu. Motar da za ta kai kayan filin jirgi tana tsaye a ƙofa, Farfesa yana leƙowa ta gilashi yana nuna mini agogo. Ni kaɗai ce a wajen. Na ɗauko noti huɗu masu tsabta daga wani kwali, marasa huda, na ɗaura. Na ce a raina ramuka huɗu 'yan mitsi-mitsi me za su yi. Waɗanda suka faɗi na zuba su a leda na jefa a durowata, ban rubuta a littafin aiki ba.

Tagwayen da ke ɗakin ƙasa kuwa notocinsa duk masu huda ne, don shi a natse na haɗa shi. Ka ga duk gwajin da Farfesa yake tinƙaho da shi an yi shi ne a kan gwangwanin da ba shi da ciwon.

Ba zan ce na manta ba. Na sa kaina mantawa ne, har ranar da na ga awon yana ɗan rawa duk sanda tauraron ya juya wa rana gefe. Tun daga ranar abinci ba ya mini daɗi. Ina jin kunya, Baba, irin kunyar da ban taɓa ji ba. Na so a kunna hitar ba tare da na buɗe baki ba, a gano iskar, a ce ba a san daga ina ta fito ba, in tsira da mutuncina. To ba za su kunna ba sai da dalili, dalilin kuma yana cikin durowata.

Yanzu sai ka sake ce mini in sa hannu, in ji. Ka gaishe da Mama, amma kada ka karanta mata wannan.

'Yarka,
Wardiya.

Mustaganim,
21 ga Oktoba.

Babana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Ban jira amsarka ba, ka yafe mini, na ji tsoron in na jira zan fasa.

Na fara gaya wa Jilali. Ya ce albashinsa na malamin makaranta zai riƙe mu in ta kama, amma in daina tunanin zai goge mini kayan aiki in na zauna a gida. Na yi dariya, sai kuma na yi kuka.

Ranar Alhamis na sami Farfesa shi kaɗai, na ajiye ledar a kan teburinsa, na faɗa masa komai. Na zaci zai yi tsawa. Ko kaɗan. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya jujjuya notocin da bakin biro, ya ce iskar rami huɗu ai ta daɗe da ƙarewa, shekara uku ba kwana uku ba ce. Na ce mai yiwuwa, hita ce za ta faɗa mana. Sai ya sassauta murya.

"Mai da su aljihunki. Ni ban gani ba, ke ba ki faɗa ba. Ki sa hannu, kujerarki tana nan, tauraro na biyu ma ke za ki haɗa."

Baba, ba zan ɓoye maka ba, na so in karɓa. Tauraro na biyun nan na fi shekara biyu ina zana gwangwaninsa. Na tsaya ina kallon ledar har ya ɗauka na yarda, ya fara laluben takardar a cikin fayil. Abin da ya tsayar da ni shi ne na tuna haka na yi wancan karon, wani yana nuna mini agogo ni kuma ina cewa ba komai. Na ɗauki ledata na ce sai Lahadi.

Ranar Lahadi a taron mu shida, tun kafin ya buɗe baki na zazzage notocin a tsakiyar tebur. Ɗaya ya gangara ya tsaya a jikin kofin Dakta Zuwawi, mai yi mana lissafi. Na ce waɗannan ya kamata su kasance a sama, ga su a ƙasa, ni na yi, ba da sanin kowa ba. Ban sa motar filin jirgi a maganar ba, ban sa agogon Farfesa ba, hannuna ne ya ɗaura.

Farfesa ya ce wannan sakaci ne da za a kai gaban kwamiti, amma bai hana a buɗe ambulan ba. Dakta Zuwawi, mutumin da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, ya jawo takardar ya soke sa hannunsa da layi biyu. Ya ce shi lissafinsa a kan tagwayen ya gina shi, yanzu kuwa an ce ba tagwaye ba ne. Milud ya karɓi biron ya soke nasa, yana cewa, "Kin kashe mu, Hajiya Famfo. Har na sayi kwat saboda Faransa."

An kunna hitar jiya da safe. An kuma ba ni takardar gayyata gaban kwamiti. Kada ka tayar da hankalinka, ina cin abinci yanzu, har na ƙara kuskus jiya. Ka gaishe da Mama da Rabah.

'Yarka,
Wardiya.

Mustaganim,
4 ga Disamba.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji an yi ruwa a Tilimsan, Allah ya sa mai albarka ne. Na ji kuma ka koma shan magani, madalla. Ka yi haƙuri da shiruna, na so sai komai ya kammala in rubuto gaba ɗaya.

Wasiƙarka mai layi uku ta zo, wadda ka rubuta da hannunka ba ka bari Rabah ya gani ba. Ka ce noti marar huda a rami marar mafita ko ɗan koyo ba zai yi ba. Gaskiya ne, na karɓa. Ka ce in ci abinci. Sannan ka tambaye ni ko ina da-na-sani. Bari in fara ba ka labari tukuna.

Kwana biyu da kunna hita ƙarfen ya fara matsawa, kamar an sa masa yatsa. Da ɗumi ya ƙaru ya ƙara, da aka kashe ya koma sannu a hankali. Iska ce, ba ko tantama, kuma ta ninka abin da aka auna a tagwayen sau shida. Milud ya kira ni in gani a allo. Na ga laifina a zane, layi ja yana hawa. Ya ce in yi murna mana na ci gardama, na ce ya rufe mini baki.

Dakta Zuwawi ya yi mako uku yana cire turin iskar daga awon shekara uku. An yi taron Faransa ba mu, wani ya yi magana a lokacin da aka ware wa Farfesa. Tun daga nan in muka haɗu a baranda sai ya duba bango.

Kwamiti ya zauna ranar ashirin da biyar ga Nuwamba. Sun sauke ni daga shugabancin sashe, sun cire ni daga aikin tauraro na biyu, an mai da ni kula da sito. Ɗaya daga cikinsu ya ce in da na roƙi sassauci da an duba. Na ce ban zo roƙo ba, hukuncin daidai ne, abin da kawai nake so shi ne a rubuta maganar notocin ɓaro-ɓaro a rahoton da za a buga, don akwai masu haɗa irin gwangwanin nan a wasu ƙasashe, su ma akwai mota a ƙofarsu. Farfesa ya so a ce iska ce da ba a san asalinta ba. Na tuna masa har yanzu ban sa hannu ba. An rubuta.

Shekaranjiya aka buɗe ambulan. Sai da aka aiko a kira ni daga sito, na zo da ƙurar kwali a riga. Ni ce ta ƙarshe, na sa hannuna a natse, har da ɗigon da nake yi a ƙarshen suna. Farfesa ya yage ambulan ɗin, Dakta Zuwawi ya cire lambar daga lissafi. Ba bambanci, Baba. Ƙarfe mai nauyi da sakayau jan duniya ɗaya yake yi musu, iyakar abin da awonmu zai iya gani. Dariyarka ta tabbata, shekara goma don mu ga ƙarfe ya faɗi.

Sai Dakta Zuwawi ya ce yana da wata lamba kuma, ba wanda ya tambaye shi. Ya nuna abin da zai fito da an buɗe a watan Oktoba. Bambanci ne ƙarara, mai girman da ba wanda zai yi shakka. Da Farfesa ya tsaya a gaban masanan duniya ya ce mutanen Mustaganim sun karya dokar kimiyyar da ta fi shekara ɗari tana tsaye, da an sa mu a jaridu, sannan bayan shekara ɗaya ko biyu wani ya gano iskar noti huɗu ce. Farfesa ya daɗe yana kallon allon. Ya tattara takardunsa ya fita.

Sito akwai sanyi, kuma ta tagarsa ina hango ɗakin tsabta, inda mataimakina yake haɗa gwangwanin da na zana. Wannan yana mini ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba. Wasu ranakun nakan juya kujerata.

Za mu zo hutun makaranta in Allah ya yarda. Ka gaishe da Mama, yanzu kana iya karanta mata duka. Jilali da Sirin suna gaisuwa.

Ka tambaye ni da-na-sani. A kan ƙin sa hannu ba ni da shi ko ƙwaya ɗaya, da za a sake miƙo mini takardar nan sau goma, sau goma zan tura masa abarsa. Da-na-sanina noti huɗu ne, Baba, su kuma hannuna ba ya kaiwa gare su. Suna can sama suna zagayawa, yadda na ɗaura su.

'Yarka mai ƙaunarka,
Wardiya.